Abin da Tuta Ta Lasa a Ƙarƙashin Matakala

Ranar Litinin da safe wani saurayi ya shigo asibitin dabbobi rungume da kwali, kwalin yana motsi. Auta tana bayan teburin karɓar baƙi tana cike katin wata mage. Ba ta ɗago ba sai da wani dogon kunne ya faɗo ta bakin kwalin, baƙin hanci ya biyo shi yana shinshinar iska.

Ta san fuskar mai kwalin. Sabon ɗan haya ne a hawa na uku na benen da babanta yake kula da shi. Ta faɗa masa haka, ya yi murmushi, ya manta abin da ya kawo shi har sai da ta nuna kwalin da biro.

Allurar rigakafi ta biyu ya kawo kwikwiyar. Sunanta Tuta, saboda farin da ke kan jelarta, wadda take miƙewa sama in ta ji ƙanshi. Satinta tara, irin gajerun karnukan nan masu launi uku da ake kira bigul. Ya ce ba tasa ba ce, ta hukumar da yake yi wa aiki ce a filin jirgin sama. Irinsu ake horarwa su shinshino nama da 'ya'yan itace a jakunkunan matafiya. An ba shi ita ya yi rainonta a gida wata takwas. In ta tashi lafiya, shi zai riƙe ta a bakin aiki. In ta salwanta a hannunsa, ya san sauran.

Auta ta ɗora ta a kan sikeli, ta leƙa kunnuwan, ta ce ya riƙa goge su suna bushewa, don iska ba ta shiga. Ta ce ya auna mata abinci da kofi, irinsu ba su san ƙoshi ba. Ta ɗaga leɓen kwikwiyar ta nuna masa dasashi, ta ce kullum ya tabbata ja ne.

"Na ƙarshe shi ne babba," in ji ta. "Wannan hanci ne kawai aka yi wa ƙafafu huɗu. In ta kama ƙanshi, kunnuwan nan duk tsawonsu ba sa jin kira. Kada ka saki igiyarta a waje, ko na minti ɗaya."

Ya ce ya ji. Ya kuma nemi lambar wayarta, wai saboda Tuta.

Kafin wata ya ƙare duk benen ya sa masa suna Mai Kare. Saƙonninsa kuwa sun daɗe da wuce maganar allura.

"Likitata, 'yarki ta cinye kan takalmina na hagu. Na yi mata faɗa ta kalle ni da idanun nan, har ni na ba ta haƙuri. A wurin wa ta koyo wannan kallon?"

"Baban Tuta, ni nas ce ba likita ba, sau nawa zan faɗa? Ka saya mata abin tauna, haƙora ne suke mata ƙaiƙayi. Kallo kuma ban san zancen ba."

Abu ɗaya ne ya hana benen sakewa da su. Duk safiya in ya ja ƙofa zai tafi aiki, Tuta takan ɗaga kai ta saki wani dogon kuka mai kauri, wanda ba ka cewa daga wannan ɗan jikin yake fitowa. Kukan yakan bi ramin matakala ya sauko har ƙasa. Tsofaffin hawa na biyu suka ce kare ba ya irin wannan kuka a gida sai ya hango gawa. Auta ta yi ta bayani cewa kaɗaici ne kawai, ta sa shi ya riƙa bar mata rigar da ya cire, ya fita minti biyar ya dawo, gobe ya yi goma. Kukan ya ragu, bai daina ba. Mama, mahaifiyar Auta, takan tsaya da wanke-wanke in ta ji shi, ta nemi tsari a hankali.

Baban Auta, wanda kowa ke kira Baba Mai Makulli, shekara ashirin da biyu yana kula da benen. Da Mama ta kai masa maganar cewa Mai Kare yana son auren Auta, ko rediyonsa bai rage ba. Ya ce bai haifi 'ya don ya ba mutumin da ke kwana ɗaki ɗaya da kare ba, mutumin da aikinsa bin jela. Auta ta ce a baranda Tuta take kwana, ba ta taka inda yake salla, kuma karyar aiki ce ba ta ado ba. Ya ce ya ji, a rufe maganar.

Akwai wanda yake so a ransa, ko da bai faɗa ba. Ɗan mai benen ya koyi zuwa duba gini sau uku a sati, ginin da bai taɓa sanin yawan tagoginsa ba. Yakan zauna a bencin Baba yana kaɗa makullin mota, idonsa a ƙofar da Auta za ta fito.

A ƙarƙashin matakalar nan kuwa, bayan mitar ruwa, akwai murafen gwangwani uku, kowanne da koren hatsi a kai. Maganin ɓera ne. Tun bara mai benen ya hana zuba shi a fili, ya kawo baƙaƙen akwatuna masu 'yar ƙofa waɗanda ɓera kaɗai ke iya shiga. Suna nan jibge a sito, ko ledarsu ba a yage ba. Baba ya ce ɓeran benen nan ba ya shiga akwati, shi haka ya saba. Mutum arba'in ke hawa da sauka ta wurin kullum, masu digiri da masu goyo, kowa ya ga murafen, babu wanda ya buɗe baki. Haka muka saba, shi ke nan an gama magana, sai ranar da aka ɗauki wani a guje.

Ranar Alhamis bayan la'asar Mai Kare ya sauko da Tuta za su zaga. A matakalar ƙarshe wayarsa ta yi ƙara.

"Baba ya ce a'a. Shi ya faɗa, ba ni ba. Kada ka karaya, Baban Tuta."

Ya karanta sau biyu. Ya ajiye igiyar a kan ƙarfen matakala don ya amsa da hannu biyu. Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. Da ya ɗago, farin kan jela kawai ya hango a cikin duhun bayan mita. Ya kira ta sau uku ba ta waiwayo ba, sai da ya jawo ta. Tana lashe baki, da ɗan kore a gefen hancinta. Ya ɗauka fenti ne, ya goge da hankici.

Ta ci abincinta tas a ranar. Juma'a ma ta wuni tana tsalle. Sai Asabar da rana ya tura wa Auta saƙo cikin raha.

"Likitata, 'yarki ta fara kashi kore shar kamar ganye. Ina jin soson wanke-wankena ta cinye. A kawo mini sabo cikin kayan aure."

Auta tana cin abinci ta karanta. Ta ajiye cokali. Ta kira shi, ta tambaye shi ko Tuta ta taɓa shiga bayan mita, kuma yaushe. Da ya ce shekaranjiya, ta ce ya ɗauko ta yanzu, kada ya tsaya neman takalmi.

Likitar asibitin dattijuwa ce marar yawan magana. Ta duba Tuta, wadda ke ta kaɗa jela tana neman cinye igiyar abin awo, ta ce wannan wasan kada ya ruɗe su. Lokacin sa ta amai ya wuce tun shekaranjiya. Guba iri biyu ce take zuwa da wannan launin. Ɗaya tana hana jini daskarewa, dabba ta yi ta zubar da shi a ciki ba a gani. Ɗaya kuma ƙoda take kashewa. Duka biyun sai sun yi kwanaki kafin su nuna kansu. Mai ƙoda tana son ƙarin ruwa ba tsayawa. Mai jini kuwa, in aka ɗura wa 'yar wannan ruwa da yawa, an ƙara tsinka ɗan jinin da ya rage. Ɗakin gwaji ba zai ba da sakamako ba sai Litinin. Ta ba da maganin ta farkon a kan zato, ta ce shi ma sai ya wuni ya kwana kafin ya kama.

"Ku kawo mini kwalin gubar," in ji ta. "Sunan kawai nake so."

Auta ta koma gida da gudu. Bayan mita an share shi ƙal, simintin ma da danshi. Labari ya riga ta zuwa.

Baba yana bencinsa. Ya ce shi bai zuba komai ba, an hana tun bara, ita ma ta sani. Daidai lokacin Mai Kare ya shigo da Tuta a kafaɗa, tana zillo tana son sauka. Baba ya nuna ta da haɓa, ya ce wannan ce mai mutuwar? Ai ta fi shi lafiya.

Ɗan mai benen yana wurin, ya ji komai. Kafin magariba ya kai gulma wuri biyu. Ya hau sama ya gaya wa Mai Kare, cikin jimami, cewa da kunnensa ya ji tsohon yana cewa zai yi maganin kukan nan. Ya sauko ya gaya wa Baba cewa yaron yana can yana rubuta takardar ƙara, da sunan Baba a layin farko, kuma in ta kai hannun mai benen babu aiki babu ɗaki.

Saƙon da Auta ta samu babu Likitata a ciki.

"An gaya mini da gangan ne. In don a raba mu ne, da ni aka zuba wa. Ita me ta yi? Ke kin san da murafen nan?"

Ta daɗe tana kallon wayar. Gaskiya ta sani. Tun tana 'yar makaranta take tsallake su, ta yi karatun guba a aji, ta ci jarrabawa a kai, ba ta taɓa haɗa abin da ke littafi da abin da ke ƙarƙashin matakalarsu ba.

"Na sani, ban faɗa maka ba, laifina ne. Amma babana ba ya kisa da gangan. Kai kuma na ce kada ka saki igiya."



Lahadi da safe ya fita zubar da shara, ya ja ƙofa, ya sauka hawa ɗaya, sannan ya tsaya. Babu kuka. Wata tsohuwa a hawa na biyu ta ce masa yau dai sun huta, Allah Ya yi wa karen albarka. Ya koma sama da gudu. Tuta tana kwance a kan tsohuwar rigarsa, kwanon abincinta cike a gabanta, ko kallonsa ba ta yi. Ya ɗaga leɓenta. Dasashin ba ja ba ne, ba fari ba.

Da ya kai ta asibiti, Likita ta kira Auta, ta ce ba za su iya jiran Litinin ba, dole ita Likita ta zaɓi magani ɗaya cikin biyun kafin azahar.

Auta ta ɗauki makullin sito daga ƙusa ba ta nemi izini ba. A bayan akwatunan nan masu leda ta sami gwangwanin madara, rabinsa koren hatsi. Babu takarda, babu rubutu. Ta juyo ta ga Baba tsaye a ƙofa.

Ya kalli gwangwanin, ya kau da kai. Ya ce babu wani kwali, bai taɓa ganin kwalinsa ba. A kasuwa wani mutum yake auna masa a leda, shekara da shekaru, sunansa maganin ɓera.

Auta ta kira Likita ta faɗa mata. Likita ta ce a kawo mata shi kansa mai zubawar.

Baba ya ce babu inda za shi. Ya je ya tsaya gaban yaron da ke rubuta ƙararsa ya ce shi ne?

"Baba, ba maganar aure na zo da ita ba," in ji Auta. "In a'a ce har abada, na ji. Amma mutanen benen nan makullan ɗakunansu suke bar maka su yi tafiya, ba su taɓa ƙirga cokali ba. In ta mutu ka yi shiru, babu wanda zai sani sai ni. Ni kuwa kullum zan riƙa kawo maka abinci ina sane."

Mama ta fito daga ɗaki riƙe da hularsa. Ta miƙa masa, ta ce rana na yi, Malam.

A ɗakin duba marasa lafiya Tuta tana kan tebur, numfashinta gajere. Mai Kare ya miƙe da ya ga Baba, ya gaishe shi ba tare da ya ɗago ido ba. Likita ba ta tambayi wa ya zuba ba, ba ta tambayi dalili ba.

"Baba, ɓerayen da suka ci, yaya suke mutuwa?"

Ya juya hularsa a hannu. Amsa wannan tambaya daidai take da cewa ni ne, kuma duk wanda ke ɗakin ya san haka.

"Ba nan take ba," in ji shi a hankali. "Sai su yi kwana huɗu, biyar, suna ci suna dawowa. Daga nan ka ga sun fito da rana tsaka, ba sa gudun mutum. In na kwashe su, da jini a hanci, wani lokaci a ƙarƙashin jela. Tafin ƙafarsu fari fat."

Ta tambaye shi ko yakan same su a bakin ruwa, wajen famfo ko magudana. Ya ce a'a, a tsakar fili suke faɗuwa, kamar waɗanda suka gaji.

Likita ta ture sandar ƙarin ruwa gefe, ta ce mai jini ce. Ta ce wa Auta ta je bayan asibiti ta shigo da babban karen Likita da ke can, jininsa za a ɗiba a ƙara wa Tuta.

Awa uku maza biyun suka yi a kan benci ɗaya a ɗakin jira, da wurin mutum biyu a tsakaninsu.  Can Baba ya ce, yana kallon bango, an ce an rubuta ƙararsa.

Mai Kare ya zaro takarda daga aljihu ya miƙa masa da hannu biyu. Rahoto ne ga hukumarsu, dole ya kai gobe. Baba ya sa tabarau ya bi layin farko da yatsa. An rubuta cewa mai riƙon kwikwiya ya saki igiyarta yana duba waya, bayan an gargaɗe shi kada ya yi. Layi na biyu ya ce akwai guba a buɗe a ƙarƙashin matakala. Babu sunan kowa sai nasa.

"Ba zan ɓoye cewa akwai guba ba, Baba, don gobe ɗan wani ne zai rarrafa wurin. Amma ni na saki igiyar. Abin da ya tsaya mini kawai, an ce kun ce za ku yi maganin kukanta."

"Wa ya ce?"

Ya ce ɗan mai benen ne. Baba ya cire tabarau, ya ninke takardar yadda take, ya mayar masa. Ya ce shi ma mai motar nan ne ya kawo masa nasa labarin. 

Bayan la'asar Auta ta fito, rigar aikinta da ɗigon jini. Ta ce launi ya fara dawowa, amma Likita ta ce kada kowa ya yi murna tukuna. Kwana biyu aka yi ana kallon dasashin nan kamar ana kallon sama. Ranar Talata Tuta ta miƙa wuya ta sace biskit daga aljihun Likita.

"Likitata, na yi miki mummunan zato a kan mahaifinki. Ba ni da bakin ba da haƙuri, amma ina bayarwa."

"Na haƙura, Baban Tuta. Magani sati huɗu, safe da yamma, a cikin abinci mai maiƙo. Ba tsalle, ba hawa matakala, ɗaukarta za ka riƙa yi. In ka tsallake ko sau ɗaya, ni da kai ne."

Hukuma ta ba shi takardar gargaɗi, ta ɗaga jarrabawar Tuta da wata uku, amma ta bar masa ita. Baba kuwa da ƙafarsa ya je wurin mai benen ya faɗi abin da ya yi, ya faɗi kuma abin da ɗansa ya yi. An yi masa faɗan da ba a taɓa yi masa ba a gaban mutane, ya tsaya ya shanye. Washegari aka ga baƙaƙen akwatuna a kowane lungu. Ɗan mai benen ya daina sha'awar duba gini.

Sati biyar bayan haka, da gwajin jini na ƙarshe ya fito lafiya, Baba ya aika a kira masa yaron. Ya ce har gobe shi ba ya son kare, kuma ba za a taɓa ganinsa ya shafa ta ba. Amma ya zauna ya yi tunani. Shi da furfurarsa ya share bayan mita, yaro kuwa ya sa sunan kansa a layin farko.

"Ka turo manyanka," in ji shi. "Sharaɗina ɗaya. Baranda ta kare, ɗaki na 'yata."

Mai Kare ya durƙusa ya yi godiya. A bayan labule Mama ta toshe wa Auta baki da gefen mayafi don kada ta saki ihun murna.

Aka ɗaura aure wata Asabar da hantsi, masallacin unguwa ya cika har waje. Likita ta zo, tsofaffin hawa na biyu suka zo, suna cewa su dama tun farko sun san alheri ne.

Da yamma Baba ya hau hawa ukun nan da kansa, yana hutawa a kowane hawa. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba. Ango da amarya suka durƙusa a gabansa. Ya daɗe yana kallon 'yarsa, autarsa, sannan ya ɗora hannu a kanta.

"Duk abin da ɗayanku ya gani, ya faɗa wa ɗaya tun da wuri, ko da ba daɗi. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku zuriya mai albarka, Ya tsare ku daga abin da ido bai gani ba. Na yafe miki, Auta, duniya da lahira. Ku ma ku yafe mini."

Suka ce amin tare. Auta ta riƙe hannun babanta da hannu biyu, ta daɗe ba ta saki ba.